Daga Tukunyar Kunu Zuwa Lasifika: Yadda Ɗaliban Jami'a Ke Koyon Ibada da Jagoranci

Duk wanda ya taɓa raka ƙaninsa ko ɗiyarsa rajista a wata babbar makaranta ta Arewa ya san yadda makon farko yake. Rana ta take, layi ya miƙe daga ƙofar banki har bakin titi, sabis ya ɗauke, takardar da aka ce a kawo kwafi uku ashe huɗu ake so. Yaro ya taso daga Gumel ko Zuru ko Biliri da jaka ɗaya da katifa a naɗe, bai san kowa ba. Wanda zai fara yi masa sannu da zuwa galibi ba ma'aikacin makaranta ba ne. Wani ɗalibi ne ɗan aji biyu ko uku, ya rataya kati a wuya, ya kafa teburi a gindin darbejiya. In ɗan MSS ne, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, zai yi masa sallama ya ce, "Akhi, wane sashe aka ba ka?" In ɗan FCS ne, ta ɗalibai Kirista, zai karɓi jakar ya ce, "Ɗan'uwa, ka sami masauki kuwa?" Zai nuna masa ofishin da ake fara shiga, ya raɗa masa sunan malamin da ba ya yafe makara, in dare ya yi ɗaki bai samu ba ya shimfiɗa masa tabarma a nasa.

Ba wanda ya biya wannan ɗalibi ko anini, kuma aikin ba zai fito a takardar sakamakonsa ba. Jami'o'inmu na yaye masu digiri a fannin mulki da gudanarwa duk shekara, amma in ana neman inda yaro ɗan shekara 19 zai riƙe kuɗin jama'a a hannunsa, ya tara ɗaruruwan mutane a zaure guda, ya ciyar da su, ya sallame su ba a yi rigima ba, to sai a nufi masallacin makaranta ko majami'a. Can ne ƙungiyoyin addini na ɗalibai suke renon limaman gobe da fastoci, har da kwamishinoni da daraktocin ma'aikatu waɗanda ba za su taɓa hawa mumbari ba. Sama da shekara 70 ke nan ana wannan reno. Ya isa a zauna a duba irin shugabannin da yake fitarwa.

Legas 1954, Gindiri 1957

Mutane da yawa a Kano da Zariya sun ɗauka MSS 'yar Arewa ce, alhali a Legas aka yanke mata cibi. Ranar 18 ga Afrilu 1954 wasu 'yan sakandare Musulmi suka kafa ta, a zamanin da yawancin makarantun boko na Kudu suke hannun mishan, yaro Musulmi kan shiga da sunan da aka raɗa masa ya fito da wani daban. Shugabanta na farko, Lateef Adegbite, ɗalibin King's College ne a lokacin. Daga baya ya zama lauya, ya riƙe kwamishinan shari'a a tsohuwar Jihar Yamma, ya kuma zauna a kujerar babban sakataren Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci har Allah ya karɓi ransa a 2012. Tun daga mutum na farko hanyar ta nuna inda ta dosa.

A 1957 aka kafa FCS, zumuntar ɗalibai Kirista, a Gindiri ta Jihar Filato ta yau, garin da mishan ɗin SUM ya cika da makarantu. NIFES, ita ma ta ɗalibai Kirista, ta biyo baya a 1968, ita ta fi karkata ga manyan makarantu, 'yan Katolika ma suna da tasu. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sannan na Sakkwato da Maiduguri da Jos a 1975, Kwalejin Abdullahi Bayero kuma ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, sai ƙungiyoyin suka bi ɗalibansu ciki. Yau da wuya ka leƙa kwalejin ilimi ko makarantar koyon jinya ba ka tarar da reshensu ba, da Amir da Amira da sakatare da ma'aji a wannan ɓangare, da shugaba da mai jagorantar addu'a da mai kula da nazarin Littafi Mai Tsarki a wancan.

Wanda ke cin abinci a ƙarshe

In kana son ganin wannan makarantar jagoranci tana ci, bari azumi ya faɗo a tsakiyar zangon karatu. Tun La'asar mai kula da walwala yake kan ƙafarsa. Jiya kunu bai isa ba, sahun baya dabino ɗai-ɗai suka samu da ruwa, yau dole a ƙara gero. Kuɗin da wani malami ya yi alkawari bai shigo ba. Mai ruwan leda ya ce ba zai sake ba da bashi ba sai an biya na shekaranjiya. Gas ya ƙare 'yan'uwa mata suna tsakiyar suyar ƙosai. Yaron nan da a gidansu ko kofin da ya sha shayi ba ya ɗaukewa, ga shi yana lissafin mudu, yana ciniki da 'yan kasuwar Samaru ko Kabuga, yana lallashin wanda ya yi fushi don an bar masa wankin bokitai shi kaɗai. Ana kiran Magariba zai tsaya a bakin ƙofa yana cewa, "Ikhwa, a matsa ciki, a bar wa na baya wuri." Sai kowa ya samu sannan zai kai hannu baki, wani lokacin ma ɗan abin da ya kwanta a gindin roba ne rabonsa.

Haka takwaransa na FCS yake fama in taron bishara ya matso: neman izinin zaure daga ofishin kula da harkokin ɗalibai, hayar janareta da kayan sauti, mawaƙa su yi ta gwaji har tsakar dare, a jera kujeru, a kwashe, a share wuri kafin laccar ƙarfe takwas ta gobe. A hutun Disamba kuma MSS kan yi babban sansaninta da ake kira IVC, inda ake aron makarantar kwana a zuba ɗalibai daga garuruwa daban-daban na tsawon kwanaki. Masu karatun likita su buɗe ɗan asibiti, wasu su riƙe ƙofa, wasu su shiga kicin. Laccocin da ake yi a irin wannan sansani akan manta da su kafin a koma makaranta. Amma wanda aka ɗora wa kula da banɗakin sansani na mako guda, ya kuma yi, ba sai an sake yi masa bayanin mece ce hidimar jama'a ba.

Yadda ake naɗa shugaba ma darasi ne. A zaɓen ƙungiyar ɗalibai ta makaranta fastoci ne (na takarda, ba na coci ba) a kowane bango, ga gangami, ga kuɗi, ga wani ɗan siyasa a gari da ke ɗaure wa ɗan takara gindi. A MSS kuwa kwamitin shura ne ke zama ya duba wa ya dace, ba kamfe, ba a fitowa a ce ni nake so. Sau da yawa wanda aka ambata sunansa sai ka ga ya sunkuyar da kai, wani har hawaye. 'Yan FCS ma sukan haɗa addu'a da shawarar shugabanni masu barin gado. Wannan tsari ya koya wa dubban matasa cewa mulki nauyi ne da ake ɗora wa mutum, abin da 'yan siyasarmu ba su taɓa ji ba balle su yarda. Sai dai yana da nasa ciwon. Shura ɗaki ne a rufe. Wanda ke ciki shi ke zaɓen wanda zai gaje shi, kuma ɗan Adam ya fi ganin cancanta ga mai kama da shi: ɗan garinsu, ɗan aƙidarsu, mai zuwa karatun malaminsu. Talakan mamba ba ya zaɓe, ba ya tsigewa, in ya yi tambaya a ce masa ya ji tsoron Allah ya yi ɗa'a. Haka ake samun shugaba mai tawali'u a gaban Ubangiji wanda bai taɓa koyon amsa tambayar na ƙasa da shi ba.

Abin da ke faruwa a zuci

Ga ɗalibai da yawa, jami'a ce wuri na farko da babu mai tashinsu sallar Asuba, babu mai tambayar ko sun je coci ran Lahadi. Addinin da aka taso da shi gado ne, a nan ake gane ko ya zama na mutum. Nan ƙungiyoyin suke da rana. Akwai mai bin ɗakuna da duku-duku yana ƙwanƙwasa ƙofa, "A tashi, lokaci ya yi." Akwai usra, ɗan zaman mako-mako na mutum kaɗan, a karanta Arba'una Hadisi ko Riyadus Salihin, a gyara wa juna karatun Alƙur'ani, a tambayi wanda ba a gani ba makon jiya ko lafiya. Wanda ya baro Islamiyya bai sauke Ahalari ba, a nan yake ƙarasawa ba tare da jin kunya ba, domin mai koya masan ma sa'ansa ne. Ɗalibi Kirista kuma yana da addu'ar safe, da ƙaramin rukunin nazari, da wani na gaba da shi da ke bibiyar rayuwarsa, da ziyarar asibiti da gidan yari. Mutane da yawa da yanzu furfura ta fito musu za su gaya maka cewa tsayuwar dare ko karatun Littafi na kullum da suke riƙe da shi, a ɗakin kwanan ɗalibai suka faro shi.

Matsalar ita ce ma'aunin da ake auna ci gaban. Abin da ido ke gani shi ya fi saurin samun maki: tsawon hijabi, ɗagewar wando, gemu, yawan kalmomin Larabci a zance, ko kuma cire ɗan kunne, da ƙarfin murya a wurin addu'a. Ba raina waɗannan nake yi ba, masu yinsu suna da hujjojinsu. Amma su ne suka fi komai sauƙin kwaikwayo, mako biyu sun isa. Wurin da ya kamata a auna shi ne zauren jarrabawa, lokacin da mai sa ido ya fita amsa waya, takardar na kusa da kai kuma a buɗe. Ko ranar da aboki ya ce ka sa masa hannu a takardar halartar lacca alhali yana gida. Ko bashin naira dubu biyu da aka ci wurin abokin ɗaki aka yi shiru. Ba kasafai ake ware zaman usra guda a kan waɗannan ba, ga shi kuwa su ne ƙananan siffofin abin da ke cin ƙasar.

Akwai kuma Amir ko shugaban zumunta da hidima ta cinye. Kullum yana taro, kullum yana kan hanya, sakamako ya fito ga kwasa-kwasan da ya faɗi sun taru. In ka yi masa magana ya ce aikin Allah yake yi, Allah ba zai bar shi ba. Mahaifinsa da ya sayar da buhunan masara ya biya kuɗin makaranta bai san wannan fatawa ba. Wasu rassa sun gane haka, ba sa ɗora wa mai raunin maki muƙami, suna kuma shirya darussan bita kyauta ga 'yan aji ɗaya, waɗanda a wasu makarantu har wanda ba addininsu ɗaya ba yakan zo ya zauna. Ni dai a ganina wannan bita ta fi wa'azi goma jan mutane.

Sannan ga wanda ba ya zuwa ko ɗaya. Binciken da aka yi a 2018 tare da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna kimanin 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. A 2018 ɗin ne kuma gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton BBC da ya tona yadda matasa ke kwankwaɗarsa. Wasu daga cikin waɗannan matasa suna bayan ɗakin kwanan ɗalibai, taku kaɗan daga masallaci. Ƙungiyoyin sun ƙware wajen kula da wanda dama shiryayye ne. Wanda ke warin hayaƙi, ko yarinyar da aka riga aka yi wa suna, in sun doso sai a bi su da kallo. Haka ɗalibin da damuwa ta danne, ba ya barci ba ya cin abinci, akan ce masa ya ƙara azkar ko ya ƙara bangaskiya, ba wanda zai kama hannunsa ya kai shi asibitin makaranta, alhali addu'a da likita ba kishiyoyi ba ne.

Lasifika kafin karatu

Wanda ke ganin harkar yara ce, ya waiwayi ƙarshen shekarun 1970. Muhawarar shari'a ta yi zafi a majalisar tsara kundin mulki har wakilai Musulmi suka fice a Afrilun 1978, ɗalibai a Zariya da Kano suka fito titi. A shekarar aka kafa Izala a Jos. A 1979 aka yi juyin juya hali a Iran. A Samaru kuwa ga masu ra'ayin gurguzu da ke sauraron irin su Dakta Yusufu Bala Usman, ga sabuwar guguwar farkawa a tsakanin ɗalibai Kirista. Cikin wannan yanayi wani tsohon ɗalibin tattalin arziki kuma jigo a MSS, Ibrahim Zakzaky, ya yi wani jawabi a Funtuwa a 1980, ya kama hanyar da ta raba shi da uwar ƙungiya ta kuma haifar da harkar da yake jagoranta har yau. Wasu 'yan zamaninsa suka bi wata hanyar, kamar Malam Aminuddeen Abubakar da ya yi fice a MSS ta Jami'ar Bayero, ya ƙare rayuwarsa yana da'awa da karantarwa a Kano. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan waɗannan mutane, abu ɗaya ba ya musuntuwa: abin da aka faro a barandar masallacin jami'a ya sauya fuskar addini a Arewa baki ɗaya.

A karatun zaure, almajiri kan shekara da shekaru a gaban malami kafin a ce masa ya biya wa na ƙasa. A harabar jami'a zango biyu sun isa. Yaro mai daɗin murya da ya haddace 'yan nassoshi, aka ba shi tunatarwar minti biyar bayan Isha'i, mutane suka yi kabbara, shi ke nan ya zama Malam. A ɗaya ɓangaren ma haka, ɗan aji uku ne amma ana kiransa Baba, ana riƙe masa jaka. Kamar karen mota ne aka miƙa wa sitiyari bai gama sanin birki ba. Ya sami mabiya kafin ya sami mai ce masa ka yi kuskure. Da can ɓarnar kan tsaya a cikin harabar makaranta, yanzu waya na ɗauka, kafin gari ya waye maganar ta zaga TikTok da WhatsApp, kuma wadda ta fi zafi ita ta fi tafiya.

Maganin wannan ba a ƙwace lasifikar ba ne, a sa manya a kusa ne, manyan da suka san karatu suka kuma san yaro. Akwai masu wannan ƙoƙari. Cibiyar da'awa da ke Minna, ƙarƙashin gidauniyar ilimi da Sheikh Ahmed Lemu da mai ɗakinsa Hajiya Aisha Lemu da abokan aikinsu suka kafa a 1969, ta daɗe tana horar da matasa a kan ladabin saɓani, da manufofin shari'a, da zama da wanda ba Musulmi ba. FCS da NIFES suna da ma'aikata na dindindin masu zagaya makarantu suna zama da shugabannin ɗalibai. Sai dai makarantu sun yi yawa, masu zagayen kaɗan ne. Malaman jami'a da ake sa wa suna iyayen ƙungiya kuma, da yawansu ba a ganinsu sai ranar walimar yaye ɗalibai, su zauna a babban teburi, su yi jawabi, su tafi.

Katanga a tsakiyar makaranta

A watan Maris na 1987, a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ɗalibai Kirista suka shirya taron wa'azi suka gayyato Rabaran Abubakar Bako. Ɗalibai Musulmi suka ce ya taɓa musu addini a cikin jawabinsa, gardama ta zama dambe, dambe ya fita gari. Cikin 'yan kwanaki wuta ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina da Kano, aka ƙona coci-coci masu yawa da masallatai, aka rasa rayuka. Waɗanda suka fara cacar bakin ba su wuce sa'o'in 'ya'yanmu da ke aji biyu yanzu ba. Shekara 35 bayan haka, ranar 12 ga Mayu 2022, wasu ɗalibai suka kashe Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, bisa zargin ɓatanci a wani saƙon murya da ta tura zauren WhatsApp na ajinsu. Fadar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan. Ba a kai ta gaban alƙali ba, ba a bar hukuma ta yi aikinta ba.

Abin da ake mantawa shi ne duka ɓangarorin biyu sun yi jana'izar waɗanda aka kashe musu suna tsakiyar ibada a cikin makaranta. Ranar Lahadi 29 ga Afrilu 2012 'yan bindiga suka afka wa Kiristoci masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, suka kashe mutane da dama har da malamai. Ranar 16 ga Janairu 2017 bam ya tashi a masallacin Jami'ar Maiduguri da Asuba, cikin waɗanda suka rasu akwai farfesan likitancin dabbobi.

Duk da haka, a makarantu da yawa Amir da shugaban FCS sukan gama wa'adinsu ba su taɓa zama sun sha shayi tare ba. Aji ɗaya suke shiga, layin famfo ɗaya suke bi, malamin da ke matsa wa 'yan mata bai tambayi addinin kowa ba, ƙarin kuɗin makaranta ma haka. Har kukan da suke yi wa hukuma iri ɗaya ne, wannan ya ce an sa gwaji lokacin Juma'a, wancan ya ce an sa lacca ran Lahadi. Amma ba sa haɗuwa sai rigima ta tashi shugaban tsaro ya kira su ofis, a lokacin kuwa kowa ya zo da fuska a ɗaure da magoya baya a waje. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye na Kaduna, waɗanda suka jagoranci matasa a ɓangarori biyu masu gaba, sai da ɗaya ya rasa hannu, ɗaya ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa a rikicin 1992, sannan suka zauna a 1995 suka fara aikin sulhun da ya kai sunansu duniya. Ba dole ne kowane ƙarni ya biya irin wannan kuɗi kafin ya karɓi lambar wayar maƙwabcinsa ba. Kuma ba ana nufin a haɗa akida ko a yi ibada tare ba. A san juna tun ana lafiya, ta yadda ranar da wani yaro ya rubuta shirme a waya, akwai mutum biyu da za su iya kiran juna kafin taro ya haɗu.

Bayan labule

Rabin aikin mata ke yi, amma sunansu ba ya cika fitowa a takardar gayyata. Amira ce ke kwana a asibiti da ɗalibar da naƙuda ta kama a tsakiyar jarrabawa, ita ke sauraron wadda malami ya ce sai ta same shi a otal, ita ke haɗa kuɗin motar wadda aka yi wa rasuwa. Wannan shugabanci ne na gaske, kuma ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu ta naɗa jajis, ta ɗaura musu malfa, ta tura su ƙauyuka suna karantar da mata tun ƙarni na 19. A 1985 mata Musulmi masu ilimin boko suka kafa ƙungiyar FOMWAN a Minna, Aisha Lemu ta zama Amirarta ta farko, yau suna da makarantu da asibitoci.

Ɗalibai mata sun nuna ma cewa ana iya neman haƙƙi ba tare da an ɗaga dutse ba. A Disambar 2017 aka hana Firdausa Amasa shiga zauren rantsar da sabbin lauyoyi saboda ta ƙi cire hijabi. Ta tsaya a kan bakanta, aka yi ta muhawara har majalisa, a Yulin 2018 aka rantsar da ita da hijabinta. Shari'ar hijabi a makarantun gwamnatin Legas kuma, wadda MSS ta jihar take cikin masu ƙara, ta faɗi a babbar kotu a 2014, ta yi nasara a kotun ɗaukaka ƙara a 2016, Kotun Ƙoli ta tabbatar ranar 17 ga Yuni 2022 da rinjayen alƙalai 5 a kan 2. Shekaru aka yi ana haƙuri da takarda da lauya. Wannan labari ya cancanci a riƙa ba da shi a kowane sansanin horar da shugabanni. Abin takaici, a rassa da yawa har yanzu in za a yanke shawarar kuɗi ko ta tsarin shekara, 'yan'uwa mata sai dai a aika musu da abin da aka yanke.

Littafin ma'aji

Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, makarantu da dama kuma suka ƙara kuɗin rajista, nauyin da ke kan waɗannan ƙungiyoyi ya ninka. Kafin nan ga yajin aikin malaman jami'a na 2022 da ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya bar ɗalibai da kuɗin hayar ɗakin da ba su kwana ciki ba. Asusun lamunin karatu na gwamnatin tarayya ya fara aiki a 2024, amma kafin kuɗinsa ya iso, wanda ɗalibi ke fara kai wa kuka shi ne ma'ajin ƙungiya. Ana yawo da kwali bayan sallah, ana karɓar baiko na musamman, ana tura lambar asusu a zaurukan tsofaffin ɗalibai. Da haka aka ceci karatun yara da yawa waɗanda ba za a taɓa jin sunansu ba.

Inda kuɗi ya taru kuwa, 'yan siyasa sun san hanya. Ana gab da zaɓe za ka ga Honorabul ya zama babban baƙo a taron ƙaddamar da mujallar ƙungiya, ya yi alkawarin motar bas, a ba shi lambar yabo ta gwarzon addini. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shugaban da ya karɓi ambulan a ɗakin otal yana ɗan shekara 22, ya riga ya koyi yadda ake yi, kuma ya koya ne da sunan addini, wanda ya fi muni.

A ranar miƙa mulki akan karanta rahoton kuɗi. Ma'aji ya miƙe ya ce an samu kaza, an kashe kaza, saura kaza, a yi kabbara ko a ce amin. Wani lokaci wani ɗan aji ɗaya da bai san dawan garin ba zai ɗaga hannu ya ce, "Don Allah kuɗin gyaran janareta da aka ambata sau biyu, akwai rasit?" Sai zaure ya yi tsit. A wani reshen za a ce masa, "Akhi, ka kyautata zato ga 'yan'uwanka," ko "Ɗan'uwa, kada ka ba Shaiɗan dama," ya zauna da kunya, ba zai ƙara ba. A wani reshen kuma ma'aji zai buɗe fayil ya zaro takardun biyu ya miƙa masa, ya ce na farko na kwil ne, na biyu na mai da fulogi. Yawanci duka ma'ajin biyu ba wanda ya ci ko kwabo. Bambancin shi ne ɗaya ya saba da a tambaye shi, ɗayan kuma an koya masa cewa gemunsa ko baftismarsa sun isa shaida. Duka biyun za su fita su riƙe baitulmalin ƙaramar hukuma ko asusun asibiti wata rana.

Gyaran wannan bai buƙatar taron ƙasa ko tallafi daga waje. Mutum uku da ba sa cikin shugabanni su riƙa duba littafin duk zango, kuɗi ya daina kwana a asusun mutum ɗaya, a kuma manna takarda guda a allon sanarwar masallaci ko na majami'a duk ƙarshen wata, abin da ya shigo a hagu, abin da ya fita a dama. Kuɗin buga takardar bai kai na ƙosan mutum ɗaya ba.